Babur ya ƙi ba da wuta? Ka ɗauko mita kafin ka ɗauko kuɗi

Yau ba maganar wayar hannu zan yi ba, maganar babur ce. Amma ka daure ka karanta, domin mitar da muke auna wayoyi da ita a shago ita ce dai ke aiki a jikin babur, kuma kuskuren da ake tafkawa a wuraren biyu iri ɗaya ne. A wannan rubutun idan na ce "waya" kawai, wayar wuta nake nufi, kar kanka ya ɗaure.

A damunar da ta wuce babur ɗin yayana ya ƙi tashi a ƙofar gida. Tsoho ne ɗan Chaina mai inji irin na CG 125, kuma da shi yake kai kaya kasuwa kullum. Ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, shiru. Ya tura shi wurin gyara, aka cire filogi aka ga babu wuta, aka ce CDI ne. Ya saya, babu wuta. Aka ce to koyil ne. Ya saya, babu wuta. Kwana uku babur na jingine, kaya na jiran mai kai su, har an fara maganar buɗe magneto. Da yammacin rana ta uku na rufe shago na je da mitata. Ko minti 20 ban yi ba na samu matsalar: wata siririyar waya baƙa mai ratsin fari ce ta goge a wuyan babur, daidai inda kai ke juyawa, tana taɓa ƙarfe. Salatif ya gama aikin. Tsohon CDI da tsohon koyil duk lafiyarsu ƙalau.

Ra'ayina tun daga ranar bai canza ba: idan babur ya ƙi ba da wuta, kar ka yarda a sa ka sayi komai sai an auna an nuna maka inda wutar ta tsaya. Wannan ɗabi'ar ta "canza mu gani" ita ke cinye kuɗin masu tsofaffin babura fiye da lalacewar kanta. Kuma ba wai ina jifan kanikawa ba ne ni ina gefe. Lokacin da nake koyon gyaran waya na taɓa ce wa mutum IC ɗin caji ne ya ƙone, alhali datti ne ya cika bakin cajin. Maigidana ne ya karɓa ya sa allura ya zaro dattin a gabana, ranar kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin ka auna, sai ka san hanyar da wutar ke bi. A yawancin ƙananan baburan da muke hawa, akwai wani kwano mai maganaɗisu a gefen inji da ke juyawa idan ka buga kik, shi ne magneto. A cikinsa akwai koyil da ke samar da wuta ya tura wa CDI. Shi CDI tara wutar yake yi a cikin kafasita. Sai wani ɗan ƙaramin koyil da ake kira fikof ya ba shi sigina cewa fistin ya zo wurin da ya kamata, sai ya saki wutar gaba ɗaya zuwa koyil ɗin filogi. Wannan koyil ɗin ne ke ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta bi ta waya mai kauri, ta shiga hular filogi, ta yi tsalle a bakin filogi ta kunna fetur. Shi ke nan. Sarƙa ce, kuma duk inda ta tsinke sakamakon ɗaya ne, babu wuta. To ta yaya mutum zai kalli babur da ido kawai ya ce ga wurin da ta tsinke?

Da farko ma ka tabbatar wutar ce babu. Sau da yawa mutum zai ce babur ba ya wuta alhali mai ne bai zuwa. Ka kwance filogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfen jikinsa da jikin inji, ka murɗa makulli, ka buga kik. Ka yi wannan a inuwa, domin a tsakar rana ba za ka ga komai ba. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai haske kuma za ka ji tana cewa tas tas. Idan ja-ja ce siririya, ko tana zuwa tana ɗaukewa, to akwai magana, domin wutar da ta yi tsalle da kyar a fili ba lallai ta iya tsalle a cikin inji ba inda iska ke matse. Ka riƙe ta robar hular, ba ta ƙarfe ba, kuma ka nisanta filogin daga ramin da ka ciro shi saboda tururin fetur. Idan mai ya zuba a jikin inji ka goge ka bari ya bushe tukuna. Wanda wutar filogi ta taɓa ja ba ya buƙatar a maimaita masa gargaɗi.

Babu wuta? Ka fara da mafi arha. Ka sa wani filogin da ka san yana aiki. Filogin da ya yi baƙi da hayaƙi ko ya jiƙe da mai yana iya zubar da wutar ta jikinsa ba tare da ta yi tsalle ba. Tazarar bakinsa a irin waɗannan baburan galibi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Idan sabon filogi ma bai yi ba, ka murɗe hular daga jikin wayar, ai murɗa ta ake yi kamar sukuru. Ka riƙe wayar da filaya mai hannun roba, ka kusanto da bakinta kamar milimita 5 ko 6 daga jikin inji, ka buga kik. Idan wuta ta yi tsalle, hular ce ta mutu, ka huta. Yawancin hulunan nan akwai resisto a cikinsu na kusan om 5,000, za ka iya sa mita a bakunan biyu ka gani. Idan mita ba ta nuna komai ba, ya tsinke a ciki. Wani lokacin kuma bakin wayar ne ya yi tsatsa, sai ka yanke kamar santimita 1 har ka ga jan ƙarfe mai haske, ka mayar da hular. Da damuna ko bayan wankin babur, ruwa ma kaɗai a cikin hula ya isa ya hana ka tafiya.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi mayar da hankali, domin nan ne aka ci kuɗin yayana. Mutane da yawa sun ɗauka idan ka kashe makulli wutar yake yankewa, kamar makunnin fitilar ɗaki. A baburan da CDI ɗinsu ke shan wuta daga magneto ba haka ba ne. Makullin haɗa wata waya yake yi da jikin ƙarfen babur, sai wutar ta zube a ƙasa maimakon ta je filogi. Maɓallin kashewa na hannu ma, idan babur ɗinka na da shi, haka yake yi. Ka ga ke nan idan wannan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a ko'ina, ko ruwa da datti suka shiga cikin makullin, babur zai zauna a kashe ko da makulli na kunne. Ka sa CDI goma sababbi, babu wanda zai ba da wuta, domin kowanne umarnin kashewa yake samu.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A tsarin Honda, da yawancin 'yan Chaina da suka kwaikwaye shi, wayar kashewa baƙa ce mai ratsin fari. Ka zare ta ita kaɗai daga soket ɗin CDI, ka buga kik. Idan wuta ta dawo, CDI lafiya, koyil lafiya, magneto lafiya, matsalarka na tsakanin makulli da wannan wayar. Da mita kuma, ka sa ta a wurin da take kuka idan waya biyu sun haɗu, baki ɗaya a wayar, ɗaya a jikin ƙarfe. Makulli a kashe ya kamata ta yi kuka, makulli a kunne ta yi shiru. Idan tana kuka a duka biyun, ka kama ɓarawon. Ka riƙa juya kan babur dama da hagu kana saurare, domin a wuyan nan ne wayoyi suka fi gogewa. Ka tuna fa, idan babur ya tashi alhali wayar na zare, makulli ba zai kashe shi ba, sai ka sa giya ka taka birki ka saki kuloci.

Sauran kalolin a tsarin Honda: koriya ita ce at, wato wadda ke komawa jikin ƙarfe, baƙa mai ratsin ja daga magneto take kawo wuta, shuɗiya mai ratsin ruwan ɗorawa ko fari ta fikof ce, baƙa mai ratsin ruwan ɗorawa ita ke zuwa koyil ɗin filogi. Amma kar ka rantse da kala. Bajaj da Yamaha da Suzuki kowa da nasa tsarin, kuma babur ɗin da ya shekara 15 a hannun mutane huɗu, Allah kaɗai ya san wayoyin da aka jona masa. Ka bi waya da hannunka ka ga inda ta fito da inda ta shiga. Kafin ka zare komai ka ɗauki hoton soket ɗin da wayar hannunka, yadda muke yi kafin mu kwance fanel.

Sai at. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Ka auna tsakanin koriyar wayar CDI da jikin inji, dole mita ta yi kuka. Ka duba notin da ya ɗaure koyil ɗin filogi a jikin firam, idan ya yi tsatsa ka kwance ka goge da sanfefa har ƙarfe ya fito fes. Ka buɗe soket-soket ka leƙa. Wannan koren dattin da kake gani a jikin ƙarfensu shi ne dai wanda muke gani a wayar da ta faɗa ruwa, kuma maganinsa ɗaya, sifirit da tsohon burushin haƙori. Idan bakin soket ya saki ka ɗan matse shi da filaya.

Idan duk wannan lafiya, yanzu ne lokacin auna koyil-koyil. Ka zare soket ɗin CDI, ka juya mita zuwa alamar Ω. Tsakanin wayar da ke kawo wuta daga magneto da at, galibi za ka ga ɗaruruwan om. Fikof kuma yakan faɗa tsakanin om 50 zuwa 200 da wani abu. Kowane babur da lambarsa, in ka samu littafinsa a intanet ka bi abin da ya ce. Amma ko babu littafi, abu biyu ne ke tona asiri: idan mita ta nuna sifili, wayar koyil ɗin ta haɗe da ƙarfe, idan ba ta nuna komai ba, ta tsinke. Bayan haka ka juya mita zuwa AC, ka sa wani ya buga maka kik da ƙarfi. Wayar magneto ya kamata ta nuna gomman bolt. Fikof ɗan kaɗan yake bayarwa, amma dai lambar ta motsa. Mitocinmu na kasuwa ba su da saurin kama ƙololuwar wutar, saboda haka abin da ka gani zai yi ƙasa da na gaskiya, kar wannan ya tayar maka da hankali.

Koyil ɗin filogi gefe biyu gare shi. Gefen da CDI ke shiga om ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai 1 ba. A nan masu koyo ke ruɗewa, domin wayoyin mitar kansu suna da ɗan nasu. Ka fara haɗa bakunan mitar biyu ka ga abin da ta nuna, sannan ka cire shi daga lissafi. Gefen waya mai kauri kuma dubban om ne. Ka kuma duba jikinsa da ido, idan ya tsage wuta na iya zurarewa ta nan.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa, mita ma tana da iyaka. Akwai koyil ɗin da idan yana sanyi zai nuna maka lamba mai kyau, amma da ya ɗauki zafi sai siririyar wayar cikinsa ta buɗe. Alamarsa ita ce babur ya tashi lafiya da safe, ka yi tafiyar minti 15 ya mutu, ka zauna a gindin bishiya ya huce ya sake tashi. Irin wannan sai ka auna shi nan take lokacin da ya mutu, da zafinsa. Ka jefa mitar a aljihu ka fita da ita.

CDI shi ne na ƙarshe, ba na farko ba, kuma dalilin mai sauƙi ne. A rufe yake ruf da wani baƙin gam, mita ba ta iya gaya maka lafiyarsa kai tsaye yadda za ka dogara. Ana kama shi ne ta hanyar wanke sauran. Wuta na shigowa daga magneto, fikof na ba da sigina, at na nan, wayar kashewa ba ta taɓa ƙarfe, koyil da hula da filogi lafiya, amma babu wuta? To yanzu kam ka ce CDI ne, babu wanda zai yi maka musu. Ko a nan ɗin, ka ari na wani babur irin naka ka jona na minti biyu kafin ka biya kuɗi.

Kuma ka san wane iri ne naka. Akwai mai shan wuta daga magneto, wanda muka yi ta magana a kai, akwai kuma mai shan wutar batir, bolt 12. A ido suna iya kama da juna, har soket ɗinsu, amma idan ka sa wannan a wurin wancan ba zai yi aiki ba, yana ma iya ƙonewa. Ka murɗa makulli ka auna bakunan soket a DC. Idan ka samu bolt 12 a ɗaya daga ciki, naka na batir ne, kuma kai bincikenka daga batir da fiyus zai fara. Batir mai cikakken caji yakan nuna wajen 12.6. Idan ya sauko ƙasa da 12 ya yi rauni. Fiyus ɗin da aka naɗe da zaren waya ko takardar sigari kuwa, wannan ba fiyus ba ne, gobara ce ke jiran rana.

Na san abin da wani bakanike zai ce idan ya karanta wannan: yaro mai gyaran waya zai koya mana aiki? Mu da muka shekara 20 muna yi, canzawa ya fi sauri. Maganarsa akwai gaskiya a ciki. Jona kayan da ka san yana aiki don ka gwada, ai shi ma awo ne, kuma bakaniken da ke ajiye CDI da koyil na gwaji a akwatinsa ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tura mai babur ya sayo, a yage leda, a jona, sannan a ce ashe ba shi ba ne. Mai shago ba ya karɓar kayan wuta da aka riga aka jona, asarar a wuyan wa take? Kuma wani abin takaicin, sau da yawa tsohon kayan da babur ya zo da shi daga kamfani ya fi sabon da aka saya inganci, sai a cire mai kyau a sa mara kyau, bayan wata biyu a sake dawowa.

Amma mu masu kawo gyara ma da laifinmu, kuma wannan na san shi daga teburina. Ba ma biyan kuɗin bincike, kuɗin kaya muke biya. Idan bakanike ya ɓata awa guda yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya samu inda ta goge ya naɗa salatif, nawa za ka ba shi? Cewa za ka yi ai ba abin da ya yi, ɗan salatif ne kawai. Amma da ya sa ka sayi CDI, da hannu biyu za ka miƙa kuɗin aiki ka yi godiya. To mu ne muka koya musu cewa canza kaya ya fi bincike riba. Idan ka samu wanda ya tsaya ya auna ya cece ka daga sayen kaya, ka biya shi da kyau, ka kuma riƙe shi.

Akwai wurin da ni kaina nake tsayawa. Idan awo ya nuna matsalar na cikin magneto, ba na buɗewa. Kwanon nan da wani ƙarfe na musamman ake zaro shi, wanda ya sa guduma zai iya lalata maganaɗisun ko sandar injin. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai kamar rabin wata da ke riƙe kwanon a daidai wurinsa. Idan ya karye za ka ga wuta tas tas a filogi amma babur ya ƙi tashi, ko ya riƙa harbi, ko kik ya dawo ya doke ka a ƙafa, domin wutar na zuwa ba a lokacinta ba. Wannan aikin bakanike ne, ka kai masa, amma ka je kana cewa ga abin da na auna, ga abin da na samu.

Masu tsofaffin Honda na da can, waɗanda ba su da CDI sai kontak da kondensa, ku naku ya fi sauƙi. Bakin kontak ɗin ne ke datti ko ya ƙone. A goge shi da sanfefa mai laushi, a bi da takarda mai tsabta, a daidaita buɗewarsa milimita 0.3 zuwa 0.4. Idan kana buga kik kana ganin tartsatsi mai yawa a bakin kontak amma na filogi ya yi rauni, kondensa ake zargi.

Abu ɗaya da za ka iya yi yau, tun babur ɗinka na lafiya: ka zare soket ɗin CDI, ka auna om na magneto da fikof da koyil da hula, ka rubuta lambobin a wayar hannunka tare da hoton soket ɗin. Ranar da ya ƙi tashi kana da abin da za ka kwatanta da shi, wanda ya fi kowane littafi dacewa da babur ɗinka. Wanda kuma nasa ke jingine yanzu, ya auna ya turo min lambobin a kwament tare da sunan babur ɗin da hoton soket, in sha Allahu idan na rufe shago da dare zan duba in ba shi amsa.